Hatimin Baba Sifana

Mota ba ƙarfe ba ce. Mota tarihi ce, kuma duk tarihin da ba a buga masa hatimi ba hirar bakin titi ce kawai. Al'ummar da ba ta iya ajiye rasit ɗin baƙin mai ba, kada ta sa ran ci gaba.

Wannan ita ce aƙidar Rajistara, kuma bai taɓa faɗinta yana murmushi ba. Ya yi aiki a ofishin ajiye takardu na wata kwaleji har furfura ta cinye masa kai, ya yi ritaya da agogon bango da takardar yabo, sannan ya dawo gida ya ci gaba da aikin a kan mota guda ɗaya. Koriya ce shar, mai ƙofa biyu, ta girmi duk 'ya'yansa. Tana zaune a gareji cikin rigar yadi mai laushi da tela ya ɗinka mata daidai jikinta. A bangon garejin akwai kanta, a kan kantar fayil-fayil a jere kamar sojoji, a ƙarshen layin kuma wani babban littafi mai baƙin bango.

Matarsa, Malama, ita ke rubutu a littafin. Shi rubutunsa kamar kaza ta taka tawada ta bi ta kan takarda. Ita kuwa ta ƙare ƙuruciyarta tana koya wa yara rubutu a makarantar firamare, hannunta ya zauna. Shi ke faɗa, ita ke rubutawa: ranar da aka tayar da inji, abin da mita ta nuna, iskar taya, wane ne ya taɓa me kuma da wane dalili. Ta fi sanin ranar da aka canja fulogi a kan ranar haihuwar jikokinta. Shigarta motar kuwa bai taka kara ya karya ba, kuma duk shigar sai da ta cire takalmi.

A ƙasan kowane juyen mai akwai hatimi iri ɗaya, zagayayye, harafi ɗaya a cikinsa ya ɗan guntule. Na Baba Sifana ne, bakaniken da ya fara buɗe bonet ɗin tun ranar da aka sayo motar. A ƙungiyar masu tsofaffin motoci da Rajistara ke ciki, akwai waɗanda motocinsu suka fi tasa tsufa, akwai waɗanda suka fi ta ƙyalli. Amma babu mai hatimi ɗaya tun daga shafin farko har na ƙarshe sai shi. Da wannan yake shiga taro, da shi yake fita.

Ana nan sai yayar Malama ta faɗi a banɗaki.

Ita ce ta raine ta bayan rasuwar mahaifiyarsu, ita ta yi mata kitson farko na shiga makaranta, ita kuma ta riƙa dukanta har ta daina tsotsar yatsa. Tana zaune a wani gari mai nisan wuni guda a mota, tare da babbar 'yarta, wadda kowa ke kira Nas saboda aikinta. Nas ɗin ce ta kira.

"Inna, ta tashi, tana cin abinci, tana ma zagina. Amma likita ya ce ƙwaƙwalwar ta fara sakin abubuwa, kuma abin da ta saka ba ya dawowa. Idan za ki zo, ki zo tana gane mutane."

Sai aka ji ana kokawa da wayar, muryar Yaya ta shigo.

"Auta! Kina nan kina yi wa Mai Fayil sakatariya ba albashi?"

"Yaya, ya jiki?"

"Jiki ya tsufa, me zai yi? Ki ce masa ya kawo ki a koriyar nan. Shekara da shekaru ina jin labarinta, ban taɓa ganin tayarta ta juya ba. Ko dai ba inji a ciki, fayil ya cika?"

Malama ta yi dariya har da hawaye, ta ce za ta faɗa masa.

Bas ba abin wasa ba ne a wurinta. Tun da aka yi mata aiki a ƙugu, tafiyar da ta yi ta ƙarshe a kujerar baya ta kwantar da ita kusan wata guda. Duk da haka ta shirya jin a'a daga bakin mijinta. Abin mamaki, sai fuskarsa ta washe.

"Doguwar tafiya tana wanke inji," in ji shi. "Masana sun tabbatar. Kuma lokaci ya yi da danginki za su ga abin da suke yi wa dariya."

"To yaushe, Maigida?"

"Ɗauko littafi."

Ta ɗauko. Ya sa tabarau, ya bi layi da yatsa, ya tsaya. Juyen mai ya zo daidai ƙarshen watan. Motar da aka yi wa juye a kan lokaci tun tana sabuwa ba za ta hau babban titi da tsohon mai ba. Aikin safiya ɗaya ne, in ji shi. Gobe su je wurin Baba Sifana, jibi su kama hanya.

Washegari suka je a tasi don su fara ganin tsohon. Garejin Baba Sifana ya canja. An yi sabon allo, an sa gilashi a ofis, ga kwamfuta a kan tebur. Ɗansa ne a kujerar, wani mai tumbi da ya sa wa kansa suna Injiniya. Ya tarbe su da fara'a, ya jawo wa Malama kujera, ya ce Baba ya tafi wurin ƙanwarsa a wani gari, za a cire masa yanar ido.

"Amma ku kawo ta yanzu, ranka ya daɗe. Kafin ka shanye shayi an gama."

"Hatimin fa?"

Injiniya ya jawo durowa ya miƙa masa wani sabo fil, mai kusurwa huɗu, da lambar waya a jiki. Rajistara ya riƙe shi da yatsu biyu kamar wanda ya tsinci mataccen ɓera a tukunya.

"Ina na Baba?"

"Tsohon nan? Yana cikin gwangwaninsa, ya tafi da shi. Ko masallaci za shi da gwangwanin yake tafiya."

"To sai ya dawo."

"Ranka ya daɗe, mai ɗaya ne, gareji ɗaya ne, ni kuma ɗansa ne."

"Ban ce kai ba ɗansa ba ne. Na ce kai ba shi ba ne."

A hanyar komawa Malama ta rungume littafin a ƙirji cikin tasi, ta ce, "Maigida, Yaya fa ba jira za ta yi ba."

"Yanar ido ce, Malama, ba yanke ƙafa ba. Kwana nawa ne?"

Ranar Asabar 'yan ƙungiya biyu suka zo, kamar yadda suka saba. Dakta, tsohon likitan haƙori, da Lauya, wanda bai taɓa barin magana ta mutu da kanta ba. Suka zauna a kujerun roba a bakin gareji, aka yaye wa motar riga zuwa rabi domin ta sha iska. Malama ta kawo shayi, ta tarar an kafa kotu.

"A doka," in ji Lauya, "magaji yana gadon hatimi. A sa yaron ya rubuta takarda cewa shi ne ya gaji garejin, a liƙa a shafin, shi ke nan."

"Haƙori in ya karye, ya karye," in ji Dakta. "Ka liƙa shi da zinariya ma, kowa ya san liƙi ne."

"Kai ka fi kowa sanin liƙi. Rabin motarka ai ciko ne."

"Taka fa? In aka cire fenti, sai a kwashe ta da tsintsiya."

Malama ta ajiye tire, ta ce a hankali, "Yayata ce ba lafiya. Saboda ita ake maganar tafiyar."

"Ayya! Allah ya ba ta lafiya," suka ce a tare, da gaske kuma suke.

Sai Dakta ya ce, "Malama, ai ga ɗaya motata ta zirga-zirga, ga direba yana zaune yana cin albashi a banza. Ya kai ki gobe mana."

Malama ta ɗago kai. Kafin ta buɗe baki, Rajistara ya ajiye kofi.

"Dakta, mun gode. Amma ban kai matsayin da za a kai matata gidan danginta a motar aro ba, alhali ga wannan a tsaye."

"A tsaye kam take," in ji Lauya.

Aka yi dariya, har da Rajistara, wanda ya ɗauka yabo ne. Malama ta kwashe kofuna. Da a ce ta ce, "Na karɓa, Dakta," da babu wanda zai ɗaure ta. Ta san haka. Amma ta riga ta faɗa wa Yaya cewa a koriyar za ta zo, kuma can a wani lungu na zuciyarta, inda ba ta son leƙawa, tana son sau ɗaya a rayuwa ta sauko daga motar nan a ƙofar gidan danginta. Ta yi wa littafin hidima tsawon aure. Ba ta ga laifi ba in ta karɓi ladan wuni ɗaya.

Kwanaki suka yi ta wucewa. Kullum da yamma tana kiran Yaya. Da farko hira ce sosai, da gulmar matattu da ta masu rai. Daga baya Yaya ta fara tambayar abu ɗaya sau uku. Wata rana ta ce, "Ki gaida Baba," alhali mahaifinsu ya daɗe a ƙasa. Wata rana kuma tana tsakiyar labari sai ta tsaya, ta ce, "Me nake cewa ne?" Malama ta tuna mata, ta ce, "A'a, ba shi ba ne," ta miƙa wa Nas wayar.

Rajistara bai zauna banza ba, a yi masa adalci. Ya kira Injiniya har Injiniya ya daina ɗauka. Ya rubuta wa Baba Sifana wasiƙar gaisuwa da jaje, mutumin da idonsa ke ɗaure, ya ajiye kwafi a fayil. Ya sayi man da matatarsa ya jera a kan kanta. Ya auna iskar taya, ya sa Malama ta rubuta. Ya zana hanyar tafiyar a takarda da wuraren da za a tsaya inji ya huce.

Sai Nas ta kira da safe, abin da ba ta saba ba.

"Inna, ba na son tayar miki da hankali. Jiya ta tambaye ni ko ni ce sabuwar mai aiki. Da yamma ta dawo daidai, har ta ce ina Auta, ta yi ƙarya ko. Ni dai na faɗa miki."

Malama ta ajiye wayar. Ta jawo jaka daga ƙarƙashin gado, ta zuba kaya, ta sa maganin ƙugu da ƙaramin matashi. Ƙugu ya yi abin da zai yi. Ta yafa gyale ta fito falo da jakar, daidai lokacin da Rajistara ya shigo daga waje da sauri, hularsa a karkace.

"Ya dawo! Baba Sifana ya dawo, da gwangwaninsa!" Sai ya ga jakar. "Ina zuwa?"

"Tasha."

"Tasha? Malama, kin cinye sa, wutsiya ce za ta gagare ki? Jibi fa. Jibi kina gaban mota kamar matar gwamna. Ki je yau a bas, a sauke ki a kan katifa, ke da ita a rasa mai jinyar wani?"

Maganar ƙarshen gaskiya ce, kuma gaskiyar da ta fito daga bakin mai son kansa ta fi ƙarya ɗaure mutum. Ta tsaya da jakar a hannu har hannun ya gaji. Sannan ta koma ɗaki ta ajiye ta a bayan ƙofa, ba ta kwance kayan ba.

Jibi ta zo, suka kai motar gareji a hankali kamar masu ɗauke da ƙwai. Baba Sifana yana zaune a benci, ido ɗaya a ɗaure da farin bandeji, gwangwani a cinya. Ya gaida Malama, ya shafa bonet kamar kan jika. Amma likita ya hana shi sunkuyawa, ya hana shi kusantar mai da ƙura har sai an kwance idon.

"Ba matsala," in ji Injiniya. "Ni in yi juyen, Baba ya buga hatimi. Kowa ya huta."

"Haka ne, Rajistara," in ji tsohon. "Ina zaune ina kallo da ido mai lafiyar. Ba wanda zai sani."

"Ni zan sani."

"Haba, ranka ya daɗe!" in ji Injiniya.

"Hatimi ba ado ba ne, shaida ce. Yana cewa wannan hannun ne ya yi aikin. In wani ya yi, wani ya buga, sunansa jabu. Na yi aikin gwamnati har na gama ban sa hannu a jabu ba, ba zan fara a kan motata ba."

Malama ta matso kusa da shi, ta rage murya yadda yaran garejin ba za su ji ba.

"Maigida, don girman Allah. Ta fara manta 'yarta."

"To kin gani. In ta kai haka, 'yan kwanaki ba za su ƙara ba, ba za su rage ba. Wannan kuwa in ya ɓaci, ya ɓaci har abada."

Ya faɗi haka ne da tausasawa, har da dafa kafaɗarta, irin ta mutumin da ya ɗauki nauyin yin tunani a madadin iyalinsa.

Me ya hana ta tafiya tasha daga nan? Ta tambayi kanta daga baya, ba sau ɗaya ba. Jakar tana bayan ƙofa. Amma kullum ana cewa gobe za a kwance idon, kuma wanda ya riga ya yi dogon jira ya fi kowa tsoron tashi daga layi. Ta ci gaba da kira da yamma. Yanzu Nas ce ke ɗauka, ta ce tana barci, ko ta ce yau ba ta son waya.

Ranar da aka kwance idon, Baba Sifana ya kwanta a ƙarƙashin motar a kan kwali. Notin zubar da mai ya ƙi kwancewa, sai da Injiniya ya ɗora nasa hannun a kan na uban suka murɗa tare. Rajistara ya duba lamarin ta kowace fuska, ya yanke hukuncin cewa hannun da ke taɓa sifana shi ne abin lura. Baƙin mai ya zubo, kusan da tsabtarsa, domin motar ba ta je ko'ina da shi ba. Aka zuba sabo. Malama ta buɗe littafin a kan benci ta rubuta abin da aka faɗa mata. Tsohon ya buɗe gwangwani, ya hura wa hatimin iska, ya danna. Rajistara ya daɗe yana kallon shafin, idonsa ya ciko.

Tafiyar kuwa, sai dai a faɗi gaskiya, ta yi daɗi. Injin yana gurnani a hankali kamar kyanwar da ta ƙoshi. Kujerar fatar ta rungume ƙugun Malama, ko sau ɗaya bai motsa ba. Direbobin manyan motoci suna danna musu oda suna ɗaga hannu. A kowane wurin da ya zana suka tsaya, ya buɗe bonet, ya karanta mita, ta rubuta a kan cinyarta. Duk abin da ya ce game da motar ya tabbata. Wannan ya fi komai ci mata rai.

Suna shiga layin gidan Yaya, mutane suka fito. Mai shago ya bar shago, mai wanki ya bar guga, wasu dattawa suka taso daga inuwa suna cewa rabonsu da irinta tun suna samari. Rajistara ya fito, ya gyara riga, ya buɗe but ya ɗauko fayil na farko.

"Ki shiga, ina zuwa," in ji shi. "Bari in ɗan yi wa bayin Allah bayani."

Malama ta sa takalminta a bakin mota ta shiga gida. Ba wanda ya ga saukowarta.

Nas ta tare ta a tsakar gida, ta rungume ta, ta karɓi jakar. Ba ta ce an makara ba, kuma Malama ta so a ce ta zage ta. Ɗakin yana warin man zafi da sabulu. Yaya tana zaune a kujera mai hannu, an taje mata kai, an lulluɓe mata ƙafafu da bargo. Ta rame, amma fuskar tata ce, har da tabon goshi. A kan ƙaramin tebur akwai kwanon miya da cokali.

Malama ta durƙusa a gabanta, ƙugun ya yi ƙara.

"Yaya. Yaya, na zo."

Yaya ta dube ta da kyau, da irin ladabin da ake yi wa baƙon da ba a so ya gane an manta shi.

"Sannu da zuwa, baiwar Allah. An sha hanya?"

"Mama, Inna ce fa," in ji Nas. "Auta ce. Ƙanwarki."

"Na sani mana," in ji Yaya, ta yi murmushi. Sannan ta sunkuyo wajen Malama kamar mai faɗin sirri. "Ƙanwata ma tana hanya. Malamar makaranta ce. In kika ga rubutunta sai ki ce inji ne ya buga."

Daga waje aka tayar da motar domin dattawa su ji muryarta, aka ɗan taka mai, mutane suka yi tafi. Nas ta je ta rufe taga. Ta dawo ta ce tun safe take fama, Yaya ta ƙi cin komai, ita kuma ga lokacin aiki ya yi.

"Je ki," in ji Malama. "Bar min."

Ta jawo kujerar tsuguno ta zauna, ta ɗauki kwanon, ta gwada zafinsa a bayan hannu. Yaya ta ɗaga yatsa.

"A'a, ke baƙuwa ce, ba a sa baƙo aiki. Bari Auta ta zo, ita za ta ba ni."

"To," in ji Malama. "Bari in riƙe mata kafin ta iso."

Yaya ta yi tunani, ta ga maganar ba laifi. Ta buɗe baki, Malama ta ɗebo miya a cokali, ta hura, ta kai mata.